In Ajiye Aikina Mai Albashi Mai Tsoka In Koma Dillancin Gidaje?

Assalamu alaikum Baba. Shekaruna 39, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ni ke ɗauke da mahaifiyata. Shekara 12 ke nan ina aiki a sashen binciken kuɗi na wani babban kamfani. Albashi ba laifi, ga alawus, ga inshorar lafiya, ana kuma tara mini fansho, har abokaina na cewa na dace. Amma wallahi zuciyata ta fita daga aikin. Da safe sai na lallashi kaina kafin in tashi, in na dawo kuma ba ni iya faɗin abu ɗaya da na yi wanda ya amfani wani. Bara na taya wani ɗan'uwanmu neman gida har ya saya, kuma rabon da in ji daɗin wani aiki kamar wannan har na manta. Ina da aboki da ya bar aikinsa shekara uku da suka wuce ya shiga dillancin gidaje da filaye, yanzu ya yi kuɗi, kullum yana ce mini in zo mu haɗu. Abin da na tara zai riƙe gidana wata biyar. Maiɗakina ta ce ba da yawunta ba. Ni kuma ina jin kunyar kaina, kamar butulci nake yi wa Allah. In ajiye ne, ko in haƙura?

Ɗanka mai neman mafita

Wa alaikumus salam, ɗana.

Bari in fara sauke maka kayan kunyar nan, don tana hana ka yin tunani da kyau. Mutum ya gode wa Allah da arzikin da ya ba shi, ya kuma ce aikin da arzikin ke zuwa ta cikinsa ya gundure shi, duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda. A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, shi da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh, wato har da 'yan sana'arka. Sun ga cewa abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai daban suke da abubuwan da ke sa ya so aikinsa. Ƙarancin albashi, mugun shugaba, tsarin kamfani marar kai, waɗannan in an gyara su ƙorafi yana raguwa, amma gyaransu ba ya haifar da son aiki. Son aiki yana zuwa ne daga ganin ka kammala wani abu, a san kai ka yi, a ba ka ragama, ka ga kana ci gaba. Masana sun yi ta jayayya a kan hanyar binciken, amma duk wanda ya taɓa karɓar albashi mai kyau da zuciya a cunkushe ya san akwai gaskiya a ciki. Don haka abin da kake ji ba sabon ciwo ba ne, kuma ba na marasa godiya ba ne.

Amsata a taƙaice: kada ka ajiye bana. Kada kuma ka haƙura irin haƙurin rufe baki a mutu a tsaye. Akwai aiki a gabanka na wata shida zuwa shekara, kuma shi zai ba ka amsar da ni ba zan iya ba ka ba.

Ga abin da ya tsaya mini a wasiƙarka. Ka san aikin ofishinka ciki da bai, shekara 12 kana cikinsa. Dillanci kuwa sau ɗaya ka ɗanɗana, kuma ka ɗanɗani wurin da ya fi ko'ina daɗi. Ɗan'uwanku ya riga ya amince da kai kafin ku fita. Kuɗinsa na hannu, niyyarsa ta tsaya. Kai kuma ko an saya ko ba a saya ba, ƙarshen wata albashinka zai shigo. Ka cire waɗannan ukun ka ga abin da ya rage, domin shi ne sana'ar. Mafi yawan ranakun dillali ba a cikin kyawawan gidaje yake yin su ba. Yana yin su ne a waya, yana bin mutanen da ba su neme shi ba, yana roƙon mai gida ya damƙa masa tallan gidansa alhali dillalai da yawa sun riga shi zuwa. Zai kai mutum ya ga gida bakwai, a yaba, a ce za a yi shawara, daga nan a daina ɗaukar wayarsa. Zai samo mai saye, a yi tayi, mai gida ya ce albarka, a ja a ja har ya sallama, sai ranar biya banki ya hana mai saye bashi, ko lauya ya gano matsala a takardun mallaka, ko wani magaji da ba a san da shi ba ya fito ya ce bai yarda ba. Aikin wata uku ya tashi a tutar babu, kuma ba wanda zai mayar masa da kuɗin man da ya ƙona. Wani lokaci ma ciniki zai faɗa, amma mai gida da mai saye su zagaye shi su ƙarasa a bayan idonsa don kada su biya la'ada. Lokacin aikinsa kuma shi ne lokacin hutun mutane, yamma da ƙarshen mako, saboda a nan ne masu saye ke da sararin zuwa ganin gida. Wanda ya shiga don ya sami lokacin iyalinsa yakan sha mamaki.

Ban faɗi wannan don in ɓata sana'ar ba. Sana'a ce mai daraja, kuma akwai mutanen da wannan fafutukar ce abincin ransu: a ce musu a'a sau ashirin, su kwana su tashi da ƙarfinsu. Tambayar ita ce ko kana cikinsu. Kai ba ka sani ba tukuna, abokinka ma bai sani ba.

Sai lissafi, wanda ba sai na koya wa mai binciken kuɗi ba, sai dai na lura masu lissafin kuɗin wasu su ne suka fi kowa sassauta wa kansu in abin ya zo kan nasu burin. Dillali la'ada yake ci, ita kuma ba ta zuwa sai an kammala ciniki an biya. Adadin da ake ambata a baki ba shi ke shiga aljihu ba. Ɗauki Amurka, inda aka daɗe ana biyan kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na kuɗin gida. Ana raba wannan tsakanin dillalin mai sayarwa da na mai saye, kowannensu kuma ya sake rabawa da kamfanin da yake aiki a ƙarƙashinsa, kuma sabon shiga ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta. Daga abin da ya rage za a cire haraji, talla, hotuna, mai, gyaran mota, kuɗin lasisi. A wasu ƙasashen la'adar ma ba ta kai haka ba tun daga tushe. Ko a Amurkar tsarin bai dawwama ba: a 2024 babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar ta amince ta biya dala miliyan 418 don a sasanta ƙararrakin da aka kai ta a kan la'ada, aka kuma sauya ƙa'idojin yadda ake biyan dillalin mai saye.

Sannan ka ɗora abin da kamfaninka ke biya maka ba ka gani. Inshorar lafiyar mutum biyar, kason da suke zuba maka a fansho, hutun shekara da ake biyan ka kana kwance. Ran da ka miƙa takardar ajiye aiki, duk waɗannan sun dawo wuyanka. Wata biyar ɗin da ka ƙirga, ina zargin ka ƙirga shi ne da kashe-kashen mai albashi. In ka sake lissafi da na mai zaman kansa, zai iya komawa wata uku da rabi, alhali daga ranar da sabon dillali ya fara zuwa ranar da la'adarsa ta farko ta shigo, watanni kan wuce, ta biyun kuma ba ta da alƙawarin biyo bayan ta farko da wuri.

Kasuwar kanta tana hawa da sauka, kuma ba ta shawara da kowa. A farkon 2021 kuɗin ruwan bashin sayen gida na shekara 30 a Amurka yana ƙasa da kashi 3 cikin 100, aka sayar da gidajen da ba sabon gini ba sama da miliyan 6 a shekarar, jama'a suka yi ta tururuwa cikin dillanci har mambobin ƙungiyar nan suka haura miliyan 1.5. Da babban bankin ƙasar ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris na 2022, zuwa Oktoban 2023 na bashin gida ya kusa kashi 8, cinikin shekarar ya sauko wajen miliyan 4, mafi ƙaranci tun 1995. Dillalan suna nan da yawansu, kashi ɗaya cikin uku na cinikin ya tafi. Kafin wannan an ga rushewar kasuwar gidaje ta Amurka a 2008, an kuma ga yadda kamfanin gine-gine na Evergrande a China ya kasa biyan bashi a 2021 ya ja ɓangaren gidaje na ƙasar cikin rikici. Ƙasarka tana da nata yanayin, amma ko'ina ne in kuɗi ya yi wuya sayen gida na cikin abubuwan da mutane ke fara ɗagawa.

Yanzu abokinka. Ba na zarginsa da ƙarya, wataƙila da zuciya ɗaya yake kiran ka. Sai dai ka tuna kana jin muryarsa ne saboda ya yi nasara. Waɗanda suka shiga tare da shi suka fita ba shiri ba sa kiran kowa su ce zo mu haɗu, sun koma neman aiki shiru. Ka zauna da shi zaman lissafi, ba zaman hira ba. Nawa ya samu a shekararsa ta farko bayan cire kashe-kashe? Wata nawa ya yi a jere ba ko sisi? Wa ya riƙe gidansa a lokacin? Cinikinsa na farko daga ina suka zo, daga ƙoƙarinsa ko daga dangi da tsofaffin abokan aiki? Kuma “mu haɗu” ɗin nan me take nufi: kai ma'aikacinsa ne, abokin tarayya ne, ko jarinka ake so? In da kuɗinka a ciki, a rubuta, a sa hannu gaban lauya da shaidu. Abota da yawa ta mutu a kan la'adar gida ɗaya. Bayan shi, ka nemi dillali biyu da suka shekara goma a sana'ar, da mutum ɗaya da ya gwada ya bari. Na ƙarshen nan zai fi kowa amfanar ka.

Ga yadda nake so ka yi gwajin. Da farko ka ɗauko takardar yarjejeniyar aikinka ka karanta abin da ta ce game da yin wata sana'a a gefe. Wasu kamfanoni sun hana, wasu sai da izini a rubuce, kuma mai binciken kuɗi ya fi kowa sanin abin da ɓoye irin wannan ke jawowa. In akwai hanya, ka bi ta a fili. Sai ka bincika dokar inda kake zaune. A Amurka kowace jiha tana da lasisinta, sai ka yi kwas ka ci jarrabawa, ka kuma fara a ƙarƙashin wani babban dillali. A Faransa tun dokar 1970 sai da katin sana'a. Wasu wuraren rajista kawai ake yi, wasu kuma ƙofa a buɗe take ga kowa, wanda hakan ke nufin gasa ta fi zafi kuma macuta sun fi yawa. Duk abin da ake buƙata ka yi shi yanzu, albashi na biya maka.

Daga nan ka liƙe wa wani gogaggen dillali mai mutunci a ranakun hutunka, wata shida a ƙalla. Kada ka zaɓi rakiyar ganin gida kawai. Ka ce ya ba ka aikin da kowa ke gudu: kiran waya, bin masu gidaje, jiran wanda ya yi alƙawari bai zo ba, zirga-zirgar tabbatar da takardu a ofishin filaye. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta awa nawa ka kashe, nawa ka kashe, me ya fito. Ka kuma lura da zuciyarka a ranar da ciniki ya watse a hannunka, domin ranar ce ma'auni. In ka kwana da takaici ka tashi kana son ka sake kiran wani, to akwai dillali a jikinka. In ka ji kana marmarin shirun teburinka, ka gano wani abu mai tsada a araha. Ka samo aƙalla ciniki biyu ko uku da kanka daga mutanen da ba danginka ba, don dangi da abokai suna ƙarewa da wuri.

Kana wannan kana tara kuɗi. Ka fara rayuwa tun yanzu da abin da kake tsammanin samu a shekarar farko ta dillanci, ragowar albashin ka ajiye. Riba biyu ke nan: ajiya na ƙaruwa, iyalinka kuma na ɗanɗana rayuwar da kake shirin kai su tun ana iya komawa baya. Ni dai ba zan so ka fita ba sai kana da abin riƙe gida na shekara guda cur, ban da jarin sana'ar, kuma ba bashi a kanka. Fanshonka kada ka taɓa shi.

Akwai wani dalilin da ya sa na nace a kan ajiya, kuma ya fi na cefane nauyi a wurina. Dillanci sana'ar amana ce. Kai ka san rufin gidan nan yana yoyo, ka san unguwar na cika da ruwa, ka ji ƙishin-ƙishin ana shari'a a kan filin, mai saye bai sani ba. Dillalin da ke da abin shekara a ajiye zai iya buɗe baki ya faɗa, ciniki ya watse, ya yi barcinsa. Wanda kuɗin makarantar 'ya'ya ke jiran wannan la'adar, shi ne shaiɗan ke zama kusa da kunnensa. Mutanen kirki da yawa ba da niyyar cuta suka shiga ba, matsi ne ya koya musu yin shiru. Ka ce kana son aikin da zai amfani mutane, to talaucin shekarar farko shi ne abu na farko da zai nemi raba ka da wannan niyya. Kuma a wannan sana'a suna shi ne jari, wanda ka gaya wa gaskiya ya fasa saye shi ne zai turo maka ƙaninsa baɗi.

Maiɗakinka kuwa, ban ga laifinta ba. Kai ka zo mata da labarin yadda zuciyarka ke ji, ita kuma tana ganin 'ya'ya uku da tsohuwa da wata biyar. Ta ga mai shirin sakin reshe ya kama ganye, dole ta riƙe rigarka. Kada ka nemi rinjayarta da daɗin baki ko da labarin motar abokinka. Ka kawo mata takarda: ga abin da za mu tara kafin in motsa, ga gwajin da zan yi, ga abin da in ban samu ba zuwa wata kaza zan bar maganar, ga kuma ranar da zan koma neman aikin albashi in an fita abin bai yi ba. Ka bar ta ta sa hannu a tsara waɗannan iyakokin, ka ba ta ikon tuna maka da su. Ka kuma gaya mata gaskiyar yadda aikin nan ke cin ka, don mai yiwuwa ba ta san ya kai haka ba. Maza da yawa sai sun yanke shawara suke sanar da gida, su kira shi shawara.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Harkar gidaje ba dillanci kaɗai ba ce, kuma kana da abin da yawancin masu shigarta ba su da shi: ka iya karanta lissafi, ka iya gano inda takarda ta yi ƙarya. Akwai masu kimanta darajar gida da fili, wanda aiki ne na ilimi da ke da nasa karatun da rajista. Akwai masu kula da gidajen haya a madadin masu su, suna karɓar kaso daga kuɗin haya, samunsu bai kai na babban ciniki ba amma yana zuwa a kai a kai. Akwai kamfanonin gine-gine da ke neman mai riƙe musu sashen kuɗi, inda za ka ci gaba da karɓar albashi kana koyon harkar daga ciki, kana sanin mutane. Wannan ta ƙarshen ita zan fara dubawa da ni ne kai, domin ba ta zubar da shekara 12 ɗinka. Mai yiwuwa ma abin da ya faranta maka rai bara ba gidan ba ne, ganin fuskar mutumin da ka yi wa amfani ne, bayan shekaru kana aikin da sakamakonsa ke ƙarewa a cikin fayil. In haka ne, ƙofofin da za su ba ka wannan sun fi ɗaya, har da neman sauyin sashe a inda kake.

Ka kuma duba kanka ta wani gefen. In rashin jin daɗin nan a ofis kawai yake tsayawa, to aikin ne. In kuwa ya bi ka gida, barci ya lalace, abinci ya fita ranka, wasa da yara da zama da abokai duk sun daina yi maka daɗi har tsawon makonni, ka ga likita kafin ka yanke kowace shawara. Ciwon damuwa yana bin mutum duk sana'ar da ya koma, kuma inshorar da za ta biya maka magani tana hannunka ne yanzu.

In shekara ta zagayo, ajiya ta cika, ka kammala ciniki da guminka, maiɗakinka ta ce bismillah, ka yi addu'ar neman zaɓin Allah ka fita, ni ma zan sa maka albarka. Shekara 40 ba tsufa ba ne a dillanci, furfura ma tana ƙara wa mai saye natsuwa. Ka fara tambayar ko kamfanin na ba da hutu ba albashi na wasu watanni, in suna bayarwa ka karɓi wannan kafin murabus. In babu, ka ba da sanarwa yadda yarjejeniya ta ce, ka miƙa aiki a tsare, ka ci gaba da sabunta rajistarka ta akanta ko da ba ka amfani da ita. Kada ka gaya wa kowa baƙar magana a ranar tafiya, komai yadda ta taru a bakinka. Mutanen ofishin nan masu albashi ne, kuma cikinsu akwai waɗanda za su nemi gida nan da shekara biyu.

Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri. Ka gaishe da mahaifiyarka.